Kwanon Hajja Ya Je Bakin Teku

Mun tashi da asuba ranar Juma'ar da ta wuce daga Hayyul Ashir, unguwar da mu ɗaliban Najeriya muka cika a Alƙahira. Mu uku ne: ni, da abokin ɗakina Bazazzagi, da wani Alhaji Bakano mai sarin kaya a kasuwar Ataba yana aikawa gida. Na huɗunmu kwano ne na silba mai murfi, cike da dambun nama, an ɗaure mariƙinsa da tsumma saboda ya ɓalle ta gefe guda. Masu tambayata ina na shiga aka neme ni aka rasa ranar, ga amsarku. Amma sai kun yi haƙuri na fara da kwanon, don shi ya fitar da mu.

Kwanon na Hajja ne. Duk ɗalibin da ya shekara a garin nan ya san Hajja, in ma bai san fuskarta ba to cikinsa ya san tuwonta. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa za su Makka a ƙafa, suka yada zango a bakin kogin Nilu, zangon ya zama gida. Ita kuma zaman duniya ya kawo ta Masar da 'ya'yanta biyu, namiji da mace. A ɗan falonta take sayar da tuwo da miyar kuka ga duk wanda wake da gurasar Misirawa suka ginshe shi. Ɗanta na fari mai walda ne, magidancin saurayi, mai shiru-shiru. Shi ne ya ɓata.

Ya ce mata ya samu aikin ƙarfe a wajen gari, zai yi kwanaki. Wannan ba abin tashin hankali ba ne. Abin da ya tayar da hankalin kowa shi ne yadda ya yi sallama. Gida-gida ya bi yana neman yafiya. Har ɗakinmu ya zo ya tsuguna ya ce in yafe masa. Na ce me ka yi mini? Ya ce ko da a rashin sani. Ya ba wani bargonsa, ya ba wani rediyonsa, ni kuma ya bar mini fanka, na karɓa ina washe baki don lokacin zafi ya kunno kai. Bayan 'yan kwanaki wayarsa ta daina shiga. To a garin nan, a 'yan shekarun nan, kowa ya san fassarar wannan. Saurayin da ya nemi yafiya, ya rabar da kayansa, wayarsa ta mutu, ya bi jirgin 'yan fasa-ƙwauri ne zai ƙetare Bahar Rum zuwa Turai. Wasu sukan bugo waya daga can. Wasu har yau iyayensu na jira. Kuma Hajja da bakinta ta sa shi ya yi mata alkawarin ba zai taɓa hawa teku ba, tun da 'ya'yan maƙwabtanta biyu suka tafi ba labari.

Ba wanda ya ga hawayenta. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce yaron nan. Ta ci gaba da tuƙa tuwonta kamar ba komai. Amma mu masu ci mun sani, don yau miya ba gishiri, gobe gishiri ya yi biyu. Ni kuwa fankar nan ta zame mini abin tsoro, na tura ta ƙarƙashin gado na gwammace gumi.

Alhaji ne ya kawo bakin zaren ba tare da ya sani ba. Ya je Bur Sa'id bin sawun kayansa, ya zauna shan shayi kusa da sabuwar tashar jiragen ruwa da ake yashewa a gabashin garin. Sai ya ji wani cikin leburori masu sanye da jan kayan aiki ya ƙone baki da shayi ya ce, "Wayyo Allah, na shiga uku!" da Hausa tsantsa. Kafin ya waiga sun ɗuru a mota sun wuce. Alhaji ya kawo mana labarin ne don a yi dariya, muna tsakiyar cin tuwo a falon Hajja. Muka ji ludayi ya faɗi a madafa. 'Yarta ba ta da takarda sai katin 'yan gudun hijira, ba za ta wuce shingayen sojoji ba. Mu kuwa muna da iƙama, wato izinin zama a ƙasar. Shi ke nan tafiya ta faɗo kanmu.

Ranar Alhamis da la'asar Hajja ta miƙo mini kwanon, ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Ɗana, in kun ga yaron nan ku ba shi. In ba ku gan shi ba, ku rabar sadaka a bakin ruwan. Kwanon ma ku bar shi can, kada na sake ganinsa." Na ce to, Hajja. Na fito da kwano a hannu, ya yi mini nauyin buhun masara.

Alƙahira da asubar Juma'a wani gari ne daban. Titin da kullum sai ka yi kalmar shahada kafin ka tsallaka, ranar ba kowa sai karnuka da masu kai gurasa a kan keke. Ƙaramar bas ta sauke mu a Wustul Balad, wato tsakiyar gari, muka taka zuwa tashar manyan motoci. Kuɗin mota bai taka kara ya karya ba, bai kai abin da Alhaji ke kashewa a tasi a yini guda ba, amma sai da ya tsaya neman ragi a gaban taga mai farashi a rubuce. Bazazzagin ya ce da ni, ka ga Bakano ko a sahun sallah sai ya nemi a yi masa gyara. Alhaji ya ce ai gara mai neman ragi da wanda ya taso tun daga Zariya ba ko sisi sai baki. Haka suka yi ta yi har muka bar gari, ni dai ina rungume da kwano.

Hanyar tana da kyau, shimfiɗaɗɗiya, hamada dama da hagu. Da muka doshi Isma'iliyya sai kore ya fara bayyana, gonakin mangwaro da dabino. A wata tsayawa muka sayi gurasa da wake da soyayyen ƙosansu da suke kira ta'amiyya, da shayi baƙi ƙirin mai sukarin da zai tsayar da cokali. Abin da ba zan manta ba a wannan hanya shi ne jirgin ruwa a cikin yashi. Na ɗaga kai kawai sai ga wani dodon jirgi, kwantenoni jibge a kansa kamar unguwa guda, yana tafiya a tsakiyar rairayi. Na ce innalillahi! Ashe mashigin Suwez ne a bayan tudun, ruwan ne ba a hangowa daga mota. Wani dattijo Bamisire da ke kusa da ni ya yi ta dariya har da tari.

Da dattijon ya ji inda za mu, sai baki ya buɗe. Ya ce jiragen zamanin nan sun yi girman da tsohuwar tasha ba ta ɗaukarsu, cikinsu kan taɓa ƙasa, dole a ƙara wa ruwa zurfi. Kuɗin aikin kuwa daga waje yake zuwa, bankuna da kamfanonin ƙasashen Turai da na gabas mai nisa. Ya ce su suka kawo kuɗi, su suka kawo injina, mu namu ƙasa da gumi. Na tambaye shi, to in an gama tashar ta wa ce? Ya ɗaga hannu sama ya ce, ya Shehu, ka tambayi jikana nan gaba, ni dai yanzu ɗana ya samu aikin tuƙi a wurin, ya daina zama a gahawa. Gahawa ita ce teburin mai shayinsu, inda marasa aiki ke yini.

Mun shiga Bur Sa'id da hantsi. Gari ne mai iska da ƙarnin kifi, tsofaffin benaye masu barandar katako, mutanensa kuma sun fi na Alƙahira sakin fuska. A nan ne jarrabawata ta fara. Sai an ƙetare mashigin da jirgin fito, wanda suke kira ma'addiya, yana ɗaukar mutane da motoci kyauta. Jama'a, ni mutumin Funtuwa ne. Babban ruwan da na sani shi ne Mairuwa, shi ma daga bakin titi nake gaishe shi. Da ƙarfen nan ya motsa a ƙarƙashin ƙafata sai na rufe ido. Na kama wani turke da hannu ɗaya, kwano a ɗayan, duk addu'ar da na haddace ta hawa abin hawa ta gudu ta bar ni. Yara ƙanana suna ta jefa wa tsuntsayen teku gutsuren gurasa, ni kuwa idona a rufe. Bazazzagin ya raɗa mini cewa in na nutse ya gaji fankar. Ban sami bakin rama masa ba sai da muka taka ƙasa, tafiyar da ba ta kai shan kofin shayi ba.

Daga can muka hau wata ƙaramar bas ta ma'aikata. Gari ya ƙare, sai fadamun gishiri farare fat da tafkuna marasa zurfi. Shingayen bincike kuwa sun fi na hanyar Gusau yawa, don yankin ya haɗa da Sina'i, inda ba a wasa da tsaro yanzu. A ɗaya daga ciki aka sauke mu mu uku. Soja ya duba iƙamarmu, ya duba fuskokinmu, sannan ya nuna kwano. Na buɗe. Ya tsura wa dambun ido, ya shinshina, ya kira na gaba da shi. Wannan ya tambaya ko taba ce, ko kuwa gashin raƙumi. Na ce nama ne, uwa ce ta aiko wa ɗanta. Ya ɗebi kaɗan ya sa a baki yana yamutsa fuska, sai na ga fuskar ta saki. Ya sake kai hannu. Da ya kai na uku na ce yau sadakar Hajja za ta ƙare a shinge. Allah ya taimake ni ya rufe kwanon da kansa, ya ce yalla, wato mu wuce, ku gaishe da uwar.

Tun daga nesa muka fara hango injinan ɗaga kaya masu dogon wuya, jere a bakin ruwa. Motar ta ajiye mu a gaban ƙofar wurin aikin, inda Alhaji ya sha shayinsa kwanaki. Masu gadi suka ce ko ƙafa ba za mu sa ba sai da katin kamfani. Muka faɗi sunan wanda muke nema, suka ce 'yan kwangila sun fi a ƙirga, kowa da leburorinsa, su ba su riƙe sunan kowa ba. Muka koma rumfar mai shayi.

Daga rumfar ana ganin aikin sarai. Can cikin ruwa ga wani jirgi mummuna, ba gaba ba baya, duk ƙarafa da igiyoyi. Mai shayin ya ce sunansa karraka. Yana da wani dogon hannu da yake zurawa har ƙasan teku, a bakinsa akwai haƙoran ƙarfe masu juyawa suna kartar ƙasa, sannan a zuƙe lakar ta cikin bututu. Bututun kuwa, wanda mutum zai iya rarrafawa a cikinsa, ya taho bisa ruwa har tudu yana aman baƙar laka ba tsayawa. Na ce ashe yasar rijiya ce, sai dai rijiyar ta fi ƙarfin guga. Mai shayin ya nuna ƙasar da muke zaune a kai ya ce bara nan ruwa ne, shi da kansa ya kama kifi a wurin. Na ɗaga ƙafata na duba, har da ɓawon katantanwa a cikin busasshiyar lakar.

Wani masunci da ke zaune a gefe ya ce tun da aka fara aikin ruwan ya gurɓace, kifi ya yi nisa, sai ya ƙona mai mai yawa kafin ya cika kwando. Alhaji ya ce amma in manyan jirage suka fara tsayawa kaya za su yi sauƙi, su iso da wuri. Masuncin ya ce shi ba ya cin kwantena. Suka yi ta ja-in-ja da Larabcin Alhaji na kasuwa, ni kuwa hankalina na kan karrakar nan. Na tambayi mai shayin ko akwai baƙaƙe a cikinta. Ya ce akwai kowane iri: Turawa injiniyoyi, 'yan Filifin, 'yan Indiya, mutanen kudancin Masar, 'yan Sudan. A ciki suke kwana suke tashi makonni, don injin ba ya hutawa dare da rana. Amma ran Juma'a ƙaramin kwalekwale mai inji yakan fito da Musulmin da ba sa kan aiki su yi sallah a masallacin bakin ƙofa. Wanda aiki ya faɗo kansa kuwa sai wani makon.

Na dubi kwano, na dubi teku. Idan bai fito ba fa? In rabar, alhali wataƙila yana can cikin ƙarfen nan? In koma da shi, alhali ta ce kada ta sake ganinsa? Kuma wa ya ce ma shi ne? Ba shi kaɗai ne Bahaushen da shayi zai ƙona a duniya ba. Wallahi a wannan zama na ji tsoron komawa Alƙahira fiye da tsoron ma'addiya.

Da aka yi kiran sallah muka tsaya layin alwala, randa ɗaya ce ga mutane da yawa, kafin mu gama masallacin ya cika. Rumfar kwano ce kawai da tabarmi. Muka samu sahun baya. Gabanmu duk bayan mutane ne cikin jan kayan aiki iri ɗaya, kawuna a aske, ƙeya baƙa da fara da wankan tarwaɗa, ba ka bambance kowa. Aka gama huɗuba aka tayar da sallah. Kun san Misirawa suna ɗora hannu a ƙirji. Ina yin kabbara sai idona ya faɗa kan wani a sahu na uku, shi kaɗai ya saki hannuwansa a gefe, irin sallar da iyayenmu suka koya mana a gida. Ya ɗan karkatar da wuya hagu, yadda wani da na sani yake yi in yana duba ƙarfen da ya liƙa. Allah ya yafe mini, ni mai karatun shari'a, amma rabin sallar nan a ƙeyar mutum na yi ta.

Liman na yin sallama na tsallake mutane ban ko nemi afuwa ba. Na dafa kafaɗarsa. Ya juyo. Shi ne! Ya rame, ya yi baƙi, amma shi ne, da ransa, da idanunsa biyu. Ya ce, "Malam? Lafiya? Wa ya rasu?" Na ce kai ne ka rasu, ga mu mun zo ta'aziyya. Sai na zauna a tabarma. Bazazzagin, sarkin baki, ya rungume shi yana kuka wiwi kamar yaron goye. Alhaji ya yi ta maimaita alhamdulillahi yana gaya wa Misirawan da suka taru cewa shi ya gano shi.

A rumfar mai shayi ya ba mu labari, kansa a ƙasa. Wani ɗan kwangila ne ya ɗauke shi gyaran haƙoran karraka, don ƙasan teku na cinye su kullum, sai ana yi ana liƙa musu sabon ƙarfe. Aikin na da albashi mai kyau, amma a kan ruwa yake, shi ya sa bai iya gaya wa Hajja ba. Na ce to neman yafiyar fa, da rabon kaya? Ya ce, "Malam, ni fa ban taɓa hawa ko kwalekwale ba. Da aka ce a kan teku zan kwana, na ɗauka ba zan dawo ba. Mutum ya tafi da haƙƙin jama'a a wuyansa?" Na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na tuna yadda na rungume turke ɗazu, na mayar da bakina na rufe. Wayar kuwa, a makon farko jiri ya kwashe shi, ya leƙa zai yi amai, ta zame daga aljihu ta tafi inda haƙoran karraka suke. Duk lambobin suna ciki, ba ko ɗaya a kansa. Ya ce yana jiran hutu ne ya zo da kansa. Bai taɓa kawowa a ransa cewa an ɗauka Turai ya nufa ba. Da muka gaya masa, sai ya dafe kai.

Ya ce amma bai karya alkawari ba, ai bai ƙetare ba, jirgin ko tafiya ba ya yi, kullum yana hango rumfar masallacin. Na ce wannan fatawa sai ka kai ta gaban Hajja da kanka. Na buga wa ƙanwarsa, na miƙa masa wayar. Ihun da ta yi sai da mai shayi ya ji. Muka ji tana gudu tana kiran uwar. Can ta dawo da murya ƙasa-ƙasa ta ce Hajja ta ce tuwo na kan wuta, ba za ta iya barinsa ba. Mai walda ya miƙo mini wayar. Ya ce ta yi fushi. Ni ma abin da na zata ke nan, murnar ta ragu da rabi.

Na tura masa kwanon. Ya buɗe, ya ga dambu, ya kau da kai gefe don kada mu ga idonsa. Ya juye shi a leda, ya ɗiba ya ba mai shayi da masunci. Sannan ya kama tsumman da ke ɗaure a mariƙin ya tsura masa ido. Ya ce tun bara Hajja take cewa ya liƙa mata, yana cewa gobe. Ya miƙe da kwanon ya shige ƙofar wurin aikin, ya ce mu jira. Muka yi ta jira har Alhaji ya fara duba agogo. Da ya fito, mariƙin ya zauna daram, ɗinkin walda siriri a gefensa, ƙarfen da sauran ɗumi. Kun san ba a mayar da kwano haka nan ba tukwici. Ba shi da abin sawa, sai ya cika shi da ɓawon katantanwa masu ruwan hoda da bututun ke fitarwa daga ƙasan teku, ya wanke su tas. Kwalekwalensu ya busa ƙaho, ya sa rigar hana nutsewa ya ɗaure ta har wuya, ya tafi yana waige.

A dawowa na hau ma'addiya ido buɗe, ko da yake ban saki turken ba. Muka ci gasasshen kifi da jar shinkafa a Bur Sa'id, Alhaji ya biya ba tare da neman ragi ba, Bazazzagin ya ce a rubuta ranar. A mota su biyu suka yi barci. Ni na kasa, ina ta juya abin da zan ce wa Hajja.

Mun iso bayan magariba muka wuce gidanta kai tsaye. Falon cike da ɗalibai da maƙwabta, labari ya riga mu. Hajja na bakin ƙofar madafa da muciya a hannu. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye kwanon a gabanta. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sunkuya ta ɗauka ta mariƙin, ta ɗaga shi, ta girgiza, bai motsa ba. Ta bi ɗinkin waldar da babban yatsa, a hankali, daga farko har ƙarshe. Ta buɗe murfin ta ga katantanwa, ta mayar ta rufe.

Ta ce, "Ya ci?"

Na ce ya ci, Hajja, har ya ba wasu.

Ta ce, "Inda yake ɗin, ana hango ƙasa?"

Na ce ana hangowa, har kiran sallah yana ji.

Ta ce, "To." Ta juya ta shige madafa da kwanon a ƙirjinta, ta saki labule. Ba mu ga komai ba. Amma mun ji kukanta, kuma duk wanda ke falon ya sunkuyar da kai, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa.

Na je na ga tashar da kuɗin ƙasashen waje ke ginawa, na ga yadda ake ƙara wa teku zurfi a mayar da lakarsa tudu, kuma har yanzu ban san wa zai fi cin moriyarta ba, Alhaji ko masunci ko jikan dattijon nan. Abin da na koyo ya fi wannan kusa. In za ka yi tafiya ka nemi yafiya, hakan ya yi, amma ka faɗi inda za ka, ka kuma haddace lambar gidanku ko guda ɗaya ce. Na kuma gane cewa uwar da ta ƙi karɓar waya ba lallai fushi take ba, wani lokacin muryarta ce ba ta yarda da ita ba a gaban mutane. Da na koma ɗaki na jawo fankar daga ƙarƙashin gado na kunna, aro ce yanzu, mai ita na nan tafe. Jiya kuma na je cin tuwo. Kwanon na kan kanta inda kowa zai gani, gishirin miya ya yi daidai.